Ina dariya a gabansu, ina tafasa a ciki: yaya zan yi?

Tambaya: Malam, ina da abokai da muke tare tun muna makaranta. Biyu daga cikinsu sun mayar da ni abin tsokana, duk inda aka zauna sai an taɓo rashin aikina. Akwai kuma wani sirri da na gaya wa ɗayansu, sai ga shi a bakin wasu. In na ɓata fuska sai su ce wasa ne, ni ne ba ni da juriya, don haka nakan yi dariya in haɗiye. Amma da dare ba na iya barci, maganar sai ta yi ta dawo mini, abu kaɗan in hau ƙannena da faɗa. Wani ya ce in riƙa dukan matashin kai ko in je inda ba kowa in yi ihu. Ina tsoron ranar da zan fashe. Yaya zan yi da fushin, kuma yaya zan yi da su?

Amsa: Sannu ɗan'uwa. Ka raba tambayarka gida biyu, fushi daban, abokai daban, amma ni matsala ɗaya nake gani. Muddin kana zama inda ake yankarka da magana kana murmushi, duk dabarar sanyaya zuciya da zan ba ka ta 'yan awoyi ce, gobe za a sake. In kuma ka tunkare su zuciyarka na tafasa, abin da zai fito daga bakinka shi zai zame musu abin kamawa, a manta da nasu laifin a koma kan naka. Saboda haka sai ka fara da jikinka kafin ka kai gare su.

Kafin komai, cire maganar nan ta rashin juriya daga ranka. A shekarar 2003, Naomi Eisenberger da abokan aikinta a Jami'ar Kalifoniya da ke Los Angeles sun sa mutane cikin na'urar ɗaukar hoton ƙwaƙwalwa, suna wasan jefa ƙwallo a kwamfuta da wasu mutum biyu da suka ɗauka na gaske ne. Ana cikin wasa sai aka daina jefo musu ƙwallon. Wani sashe na ƙwaƙwalwa da ke motsawa idan mutum yana jin raɗaɗin ciwo a jiki ya motsa a wannan lokaci. Baƙi ne fa, ba su taɓa ganin juna ba, kuma ƙwallon ma ba ta gaske ba ce. To ina ga wanda ka ɗauki sirrinka ka damƙa masa? Zafin da kake ji zafi ne na gaske, kuma fushin da ya biyo baya yana gaya maka gaskiya ne: an taka ka.

Matsalar tana wurin abin da kake yi da shi. James Gross, wanda yanzu yake Jami'ar Stanford, ya daɗe yana nazarin abin da ke faruwa idan mutum ya ɓoye abin da ke ransa. A wani gwaji da suka wallafa shi da Robert Levenson a 1993, an nuna wa mutane fim mai tayar da hankali, aka ce wa wasunsu su daure fuska yadda mai kallonsu ba zai gane komai ba. Fuskar ta ɓoye, amma abin da suke ji a rai bai ragu ba, wasu alamun tashin hankali a jiki kuwa ƙaruwa suka yi. Dariyar da kake yi a gabansu ke nan. Mai haƙuri na gaskiya ya ga laifin, yana da ikon magana, ya zaɓi ya bari ya wuce, kuma ya wuce ɗin, ya kwanta ya yi barcinsa. Kai naka bai wuce ba. Tsoron kada su ce ka cika riƙo, ko su ware ka, shi ya rufe maka baki. Ba na faɗa don in zarge ka, kusan duk wanda ya zo mini da irin wannan matsala haka ya fara.

Faɗan da kake yi wa ƙannenka ma daga nan ya taso, haushin kaza huce kan dami. Brad Bushman da abokan aikinsa sun nuna a 2005 cewa mutumin da aka ɓata wa rai, ya zauna yana juya abin a zuciya, ya fi saurin afka wa wani daban da ya yi masa ɗan kuskure. Sun ga haka ga waɗanda suka yi minti 25 suna juyawa, sun kuma gan shi ga waɗanda suka kai awa 8. Ka je ka ba yaran nan haƙuri, a taƙaice, ba tare da ka zayyana musu dalili ba. "Abin da na yi maka jiya bai dace ba, ba laifinka ba ne" ta wadatar.

Shawarar dukan matashin kai kuwa, ka bar ta. Na san mai ba da ita da kyakkyawar niyya ya bayar, kuma tsohon ra'ayi ne da ya samo asali tun zamanin Sigmund Freud, shahararren likitan ƙwaƙwalwa, cewa fushi taruwa yake yi a ciki, in ba a fitar da shi ba sai ya fashe. An gwada, bai tabbata ba. A 2002, Bushman yana Jami'ar Jihar Iowa ya sa ɗalibai kimanin 600 kowa ya yi ɗan rubutu, aka dawo musu da shi da suka mai zafi da sunan wani ɗalibi ne ya duba. Wasu aka ba su buhun da 'yan dambe ke atisaye da shi, su daka suna tunanin wanda ya soke su. Wasu suka daki buhun suna tunanin motsa jiki kawai. Wasu kuwa aka bar su zaune shiru na minti biyu. Da aka ba kowa damar ramawa ta hanyar sakar wa mai sukar ƙara mai ƙarfi a kunne, waɗanda suka daki buhu suna tunaninsa su suka fi kowa fushi da mugunta, waɗanda suka zauna shiru su suka fi kowa hucewa. A 2024 Sophie Kjærvik da Bushman, a Jami'ar Jihar Ohio, suka tattara bincike 154 da ya ƙunshi mutane fiye da 10,000, sakamakon bai canza ba: abin da ke kwantar da jiki, irin su jan numfashi a hankali da sassauta tsoka, yana rage fushi, abin da ke ƙara zaburar da jiki ba ya ragewa. Gudun sassarfa ma ya fi kusa da ƙara shi. Motsa jiki yana da amfani ga lafiya, ka riƙe shi, amma ba shi ne maganin lokacin da zuciya ke tafasa ba.

Fushin da ya kwana garwashi ne. In an ƙyale shi mutuwa yake yi, amma duk lokacin da ka sake maimaita maganar a ranka, ka tsara amsar da ya kamata ka mayar, ka hango fuskarsa yana dariya, fifita shi kake yi. Shi ya sa abin da aka faɗa maka wata uku da suka wuce yake ƙona ka kamar yau aka faɗa.

To a daidai lokacin da abin ya taso fa? Ka koyi gane zuwansa a jikinka tun kafin ya kai baki. Muƙamuƙi yakan ɗaure, kunnuwa su ɗau zafi, kafaɗu su ɗago, numfashi ya gajarce ya tsaya a ƙirji, wani ma yakan ji muryoyin mutane kamar daga nesa. Sinadarin adirenalin ne ya kwarara cikin jini, zuciya ta ƙara gudu, jiki ya shirya faɗa. John Gottman, wanda ya shafe shekaru yana auna jikin ma'aurata suna gardama, ya lura cewa idan bugun zuciya ya haura kusan 100 a minti ɗaya, mutum ba ya iya sauraro yadda ya kamata, kuma yana bukatar aƙalla minti 20 kafin jiki ya dawo daidai. Don haka ka tashi daga wurin. Ba sai ka yi jawabi ba, "bari in zo" ta isa. Ka sami wuri ka zauna, ka saki haƙora, ka sauke kafaɗu, ka ja numfashi ta hanci kana ƙirga huɗu, ka fitar a hankali kana ƙirga shida. Fitarwar ce ke rage gudun zuciya, shi ya sa ake tsawaita ta. Amma a cikin minti 20 ɗin nan in ka zauna kana shirya ramuwa, ba ka huta ba, wuri kawai ka canza.

Dare ya fi wuya, na sani. Umartar zuciya ta daina tunani ba ya aiki, sai dai a canza mata yadda take tunanin. Ethan Kross da Özlem Ayduk sun nuna cewa wanda ya tuna abin da ya ɓata masa rai yana kallonsa daga nesa, kamar shi ɗan kallo ne da ke ganin mutum uku zaune ɗaya yana shan tsokana, ransa bai kai ɓacin wanda ya sake shiga cikin abin da idonsa ba. Daga nesa ne za ka iya tambayar abin da daga ciki ba ya tambayuwa: me wancan yake nema da wannan magana, a gaban wa yake yin ta, me ya hana wannan buɗe baki? Sai kuma rubutu. James Pennebaker ya fara gwada shi a 1986: minti 15 zuwa 20 a rana, kwana uku ko huɗu a jere, ka rubuta abin da ya faru da abin da ka ji, ba ruwanka da kyan rubutu, kuma ba wanda za ka nuna wa. Amfaninsa matsakaici ne, ba ya warkar da komai da komai, amma yana tilasta wa tunanin da ke zagaye ya miƙe ya zama labari mai farko da ƙarshe. Ka yi shi da yamma, ba a kan gado ba.

In kana rubutun, ka leƙa ƙarƙashin fushin. A irin labarinka abin da nakan tarar shi ne kunya, domin rashin aikin yana cinka tun kafin su taɓo shi, da baƙin cikin cin amana, da tsoron zama ba aboki. Kiran kowanne da sunansa yana rage masa ƙarfi. Matthew Lieberman ya nuna a 2007 cewa sanya wa abin da ake ji suna yana rage motsin amigidala, ɗan sashen ƙwaƙwalwa da ke buga ƙararrawar haɗari. Ka kuma kula da barcinka, domin an gwada an ga cewa rage wa mutum awa biyu zuwa huɗu na dare biyu kacal yana sa ƙananan abubuwa su fi harzuƙa shi. Ajiye waya nesa da gado. Kada ka koma karanta tsofaffin saƙonninsu da tsakar dare, kada kuma ka yi habaici a WhatsApp ko Facebook. Habaici ba ya isar da saƙo, wanda aka yi dominsa zai ce ba da shi ake ba, sauran jama'a kuma su sami abin tattaunawa.

Yanzu ga su abokan. Kada ka yi mamakin cewa sun fi maƙiyi gajiyar da kai. Julianne Holt-Lunstad da Bert Uchino a Jami'ar Utah sun ɗaura wa mutane kusan 100 na'urar awon hawan jini na kwana uku, suna rubuta duk wanda suka yi hulɗa da shi. Sakamakon da suka wallafa a 2003 ya nuna jini ya fi hawa lokacin hulɗa da mutumin da yake daɗi yau ɗaci gobe, fiye ma da wanda aka san ba a shiri da shi. Wanda ka san ba ya ƙaunarka ka riga ka yi masa shiri. Aboki mai fuska biyu kuwa da zuciya buɗe kake zuwa wurinsa, ba ka san wacce za ka tarar ba.

Laifi biyu ka kawo, kuma nauyinsu ba ɗaya ba ne. Mai tsokana yana iya yiwuwa bai san girman abin da yake yi ba, tunda shekara da shekaru amsar da yake samu daga gare ka dariya ce. Na taɓa zama da wani matashi da ya yi watanni yana shirya maganar da zai gaya wa abokinsa, yana jiran rigima. Da ya faɗa, abokin ya yi shiru, ya ajiye wayar da ke hannunsa, ya ce, "Don Allah da gaske kake? Ai kai ka fi kowa dariya." Ba kowane labari ke ƙarewa haka ba, amma ba za ka san wane iri ne naka ba sai ka faɗa. Wanda ya fitar da sirri kuwa ya san abin da ya yi, ba ya bukatar a fassara masa.

Akwai yadda ake bambance wasa da cin fuska. Wasa yana zagayawa, yau a kanka gobe a kan wani, mai yinsa ma in an juyo kansa yana ɗauka. In kullum mutum ɗaya ne abin dariya, kullum kuma wurin da ke masa ciwo ake dannawa, kuma ba a yi sai an ga idon jama'a, to wani ne ke gina kansa da tubalin wani. Babban ma'auni dai shi ne abin da ke faruwa bayan ka ce a bari.

Ka same su ɗaya bayan ɗaya, ku biyu kawai, ido da ido. A gaban jama'a kowa kare girmansa yake yi, ko ya san bai da gaskiya. A rubuce kuma murya ba ta fita, ana iya ɗaukar hoton saƙon a yaɗa. Ka zaɓi ranar da ka huce, ka ɗauki abu guda da ya faru kwanan nan, kada ka kwaso tarihin shekara goma, kada ka ce "kullum haka kake", domin zai nemo rana ɗaya da bai yi ba, gardamar ta koma can. Misali: "Ranar nan da ka kawo maganar aikina a gaban mutane na yi dariya, amma ta yi mini ciwo, kuma ba ranar ta fara ba. Ina so ka daina." Ga ɗayan: "Maganar da na gaya maka mu biyu na ji ta a waje. Na ba ka ne don na yarda da kai." Daga nan ka yi shiru. Shirun zai yi maka nauyi, za ka ji kamar ka ce "ba komai dai" don ka sassauta. Kada ka ce. Wannan kalmar ce ta kawo ka inda kake.

In ya ce wasa ne, kada ka shiga musu a kan niyyarsa, ba ka ga zuciyarsa ba kuma ba za ka ci wannan gardama ba. Ka ce, "Na ji wasa kake nufi, amma ni ba ya yi mini daɗi, ka bar shi." In ya ce ka cika fushi, ka ce, "Wataƙila, duk da haka ka bar shi." Wanda ke ƙaunarka, ko bai gane dalilinka ba, zai bari don kai ka roƙa. Zai iya mantawa ya sake sau ɗaya, amma za ka ga ya kama kansa. Wanda kuwa ya mayar da roƙon naka sabon abin dariya, ya je ya ba da labari cewa wane ya zo yana ƙorafi, ya ba ka amsar da kake nema. Ka kuma sa rai cewa a 'yan kwanakin farko tsokanar tana iya ƙaruwa, don an saba kana lanƙwasawa, za a gwada a ga ko da gaske kake. In an sake a cikin taro, ka hana fuskarka dariyar nan, ka dube shi ka ce "mun yi magana a kan wannan", in an ci gaba ka tashi ka tafi ba tare da hayaniya ba.

Ba na cikin masu cewa da an ɓata maka ka yanke hulɗa. Zo mu zauna zo mu saɓa ne, kuma abotar ƙuruciya ba a sake yin irinta. Tsakanin aminci da gaba akwai fili mai faɗi. Mutum zai iya sauka daga aminin da ake gaya wa sirri ya koma wanda ake gaisawa, a je masa murna a je masa jaje, amma ba ya ƙara jin cikinka. Ba sai ka sanar da shi an sauke shi ba. Yafiya ma kada a rikita maka ita da mayar da amana. Everett Worthington, masanin da ya shafe rayuwarsa yana nazarin yafiya, wanda kuma aka kashe mahaifiyarsa yana tsakiyar wannan aiki, ya bambance su sarai: yafiya abu ne da mutum ɗaya ke yi a zuciyarsa, ya ajiye neman ramuwa, sulhu kuwa sai da mutum biyu, kuma sai wanda ya yi laifin ya nuna a aikace cewa ya canza. Kana iya yafe wa wanda ya fitar da sirrinka yau, ka kuma ƙi ba shi wani sirrin har abada, babu saɓani a ciki.

Tsoron kaɗaici shi ke riƙe mutane a irin wannan zama, kuma ba na raina shi. Ka ce biyu ne daga cikinsu, ke nan akwai sauran. Ka lura da wanda ba ya dariya in ana yi maka, ko wanda ke canza zance, ka riƙa nemansa shi kaɗai. Ka sami mutum ɗaya mai hankali, zai fi kyau a wajen rukunin, ka gaya masa. Ɗaya na ce. Amanda Rose ta bayyana a 2002 yadda abokai kan zauna suna ta juya matsala guda ba tare da neman mafita ba, abin yana ƙara musu shaƙuwa amma yana tafiya tare da ƙarin damuwa. In wanda kake gaya wa ba abin da yake yi sai ƙara maka wuta, "ni ne da tuni na ci mutuncinsa", canza shi.

Sai maganar lafiya, tunda ka ambaci fashewa. Wani nazari da Elizabeth Mostofsky da abokan aikinta na Harvard suka wallafa a 2014 ya nuna cewa a cikin awa biyu bayan mummunar fashewar fushi, haɗarin toshewar jijiyar zuciya farat ɗaya yana ninkawa kusan sau biyar, na shanyewar ɓarin jiki fiye da sau uku. Ga matashi mai lafiya haɗarin ƙarami ne ƙwarai, amma ga mai hawan jini ko ciwon sukari ko ciwon zuciya abin dubawa ne, don haka ka je a auna jininka in ka daɗe ba ka auna ba. In ka fara fasa kaya ko ɗaga hannu a kan wani, in kana shan wani abu don ka sami barci ko ka manta, ko ka yi mako biyu ko fiye cikin ƙunci, ba ka jin daɗin abin da ka saba jin daɗinsa, ci da barci sun rikice, to ka ga likita ko ƙwararre kan lafiyar ƙwaƙwalwa. Ciwon damuwa yakan zo da rigar saurin fushi, musamman ga maza, kuma zaman rashin aiki yana buɗe masa ƙofa. Akwai magani ta hanyar zama da ƙwararre, inda ake koya wa mutum kama tunanin da ke hura masa wuta da atisayen faɗin abin da ke ransa ba tare da faɗa ba. Richard Beck da Ephrem Fernandez sun tattara bincike 50 a 1998, suka ga matsakaicin wanda aka yi wa wannan magani ya fi kashi 76 cikin 100 na waɗanda ba a yi wa ba samun sauƙin fushi. In kuwa tunanin cutar da kanka ko cutar da ɗayansu ya fara zuwa maka, kada ka jira ka ga ko zai wuce: a ranar ka gaya wa wani babba da ka yarda da shi, ku tafi asibiti tare. Allah ya yaye maka.